Lauyan gida, na Legas ko na ƙasar waje: wanne ya dace da ɗan kasuwar Katsina?

Wani ɗan'uwana ya shekara goma sha yana tara riɗi daga kasuwannin ƙauye, yana loda wa tirela zuwa Dawanau. A can ake auna masa, a biya shi, ya juyo gida. Bara sai ya haɗu da wani mai saye daga Turkiyya da ke son ya riƙa aika masa kaya kai tsaye. Mutumin ya turo takardar yarjejeniya da Turanci, shafi goma sha huɗu, ya ce a sa hannu cikin mako. Da ya nemi shawara, kowa da abin da ya ce masa. Wani ya ce ya kai wa baristan da ya saba yi masa takardun fili a nan cikin gari. Wani ya ce wannan harka ta fi ƙarfin Katsina, sai Legas ko Abuja. Ɗansa da ya yi karatu a waje kuma ya dage cewa a nemi ɗaya daga cikin manyan kamfanonin lauyoyi na duniya, masu ofis a Landan da Dubai.

Da ni aka yi ta kai da komo a kan maganar, kuma na ga yadda mutum mai wayon kasuwa ke iya rikicewa idan aka zo batun lauyoyi. Shi ya sa na ga ya dace in shimfiɗa abin dalla-dalla, don mai fitar da riɗi ko zoɓo, da mai shigo da kaya daga Sin ko Dubai, da mai hulɗa da Maraɗi da Damagaram.

Ma'aunan da za a duba

Na farko, izinin aiki. Lauya ba ya iya aikinsa a ko'ina ya ga dama. Kowace ƙasa da dokarta, kuma kowace ƙasa ita ke cewa ga wanda zai tsaya a kotunta. A Najeriya, wanda ya gama makarantar horon lauyoyi, aka rantsar da shi, aka rubuta sunansa a rajistar Kotun Ƙoli, shi ne ke da ikon aikin lauya. Baturen lauya, komai girman kamfaninsa, ba zai shiga Babbar Kotun Jihar Katsina ya kare ka ba, sai da izini na musamman daga Alƙalin Alƙalan ƙasa a kan shari'a guda. Haka shi ma baristanka ba zai tsaya a kotun Istanbul ba.

Na biyu, kuma a ganina shi ne uwa uba: ina dukiyar abokin cinikinka take? Idan ya ci maka kuɗi, inda asusunsa da rumbunsa suke, nan za ka bi shi. Hukuncin da ba za a iya zartarwa a can ba, takarda ce kawai.

Na uku, ƙwarewa a irin matsalarka, da shaidar da za ka iya bincikawa da kanka. Na huɗu, kuɗi, da yadda ake lissafa shi. Na biyar, sauƙin samun mutum da fahimtar juna, har da harshe. Na shida, ɗorewar hulɗar, da abin da zai faru idan lauyan da kansa ya yi maka ɓarna.

Lauyan gida

A nan ina nufin ofishin lauya da ke Katsina, Funtua ko Daura, ko a ce Kano idan an ɗan matsa. Izininsa ya game Najeriya duka, amma ƙarfinsa na gaske shi ne sanin ƙasa. Ya san ma'aikatar filaye da yadda ake neman amincewar gwamna kafin a mayar da fili mai takardar mallaka zuwa sunan wani, kamar yadda dokar filaye ta 1978 ta tanada. Ya san rajistar kamfani a CAC. Idan Kwastam suka riƙe maka mota a hanyar Jibiya, shi ne zai isa wurin kafin la'asar, kuma idan abin ya kai kotu, akwai Babbar Kotun Tarayya a nan Katsina, wadda ita ke da hurumin shari'ar kwastam da ta kamfanoni. Gado kuwa, da rabon dukiyar kamfani tsakanin magada a kotun shari'ar Musulunci, babu wani lauyan Landan da zai kama ƙafarsa.

Kuɗinsa da naira ne, yawanci a dunƙule, kuma ana zama a daidaita. Tun 2023 akwai ƙa'idar da ta kafa mafi ƙarancin abin da lauya zai karɓa a kan wasu ayyuka, don haka kada ka yi mamaki idan ya ƙi sauka ƙasa da wani adadi. Duk da haka shi ne mafi sauƙi a cikin ukun, nesa ba kusa ba. Za ka same shi a waya da dare, za ka yi masa bayani da Hausa, ya gane abin da kake nufi da "amana ce tsakaninmu" ba tare da ka yi dogon sharhi ba.

Inda rauninsa yake shi ne cinikin ƙetare. Yawancin aikin da ke zuwa wa lauya a nan filaye ne, bashi, laifuka, aure da gado, da shari'ar zaɓe idan lokacinta ya zo. Mutum yana ƙwarewa a abin da yake yi kullum. Wanda bai taɓa duba takardar lamunin banki ta LC ba, ko bai san bambancin FOB da CIF ba (sharuɗɗan ciniki ne da ke fayyace wa zai biya kuɗin jirgi da inshorar kaya), zai iya karanta yarjejeniyarka daga farko har ƙarshe ya ce ba matsala, alhali an ɗora maka asarar duk abin da ya sami kaya a teku. Wannan ba rashin ilimi ba ne, rashin sabo ne, kuma lauyan kirki zai gaya maka da bakinsa cewa nan ne iyakarsa. Wani haɗarin kuma, ofis na mutum ɗaya ne. In ya yi tafiya, ko ya shiga siyasa, ko rai ya yi halinsa, fayil ɗinka ya zama maraya. Ka tabbata kana da kwafin kowace takarda a gida.

Manyan kamfanonin Legas da Abuja

Waɗannan su ne irin su Aluko & Oyebode, Banwo & Ighodalo, Templars, Olaniwun Ajayi, da Udo Udoma & Belo-Osagie. A Arewa ma akwai tsofaffin ofisoshi masu suna, kamar Dikko & Mahmoud na Kano, wanda ɗaya daga cikin masu shi, A.B. Mahmoud, ya shugabanci ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa daga 2016 zuwa 2018. Lauyoyin Najeriya ne, don haka izininsu ɗaya ne da na baristan gida. Bambancin shi ne an raba aiki sashe-sashe: masu haraji daban, masu harkar banki daban, masu jiragen ruwa daban, masu shari'a daban. Abin da lauyan gida ke gani sau ɗaya a shekaru, su kullum shi ke kan teburinsu: fom ɗin NXP na mai fitar da kaya, fom M na mai shigowa, ƙa'idar Babban Banki ta dawo da kuɗin kayan da aka fitar cikin lokaci, rigimar kwantenar da ta maƙale a Apapa.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ta hannun waɗannan ne manyan kamfanonin duniya ke shigowa Najeriya. A 2021 Dentons ta haɗe da wani kamfanin Legas, aka sami Dentons ACAS-Law. Olajide Oyewole na cikin rukunin DLA Piper Africa. Udo Udoma & Belo-Osagie ke wakiltar Najeriya a Lex Mundi, ƙawancen ofisoshin lauyoyi na ƙasashe daban-daban. Ma'ana, idan ka riƙe ɗaya daga cikinsu, yana da wanda zai kira a Dubai ko Shanghai ya ce a duba masa wani kamfani, ko a aika takardar gargaɗi, ba sai ka je da kanka kana lalube ba.

Kuɗi kuwa, sun fi na gida tsada sosai. Wasu ayyukan a dunƙule suke yankewa, wasu da awa, wasu kuma da dala idan harkar ta ƙetare ce, ga harajin VAT a kai. Amma suna karɓar ƙaramin aiki mai iyaka, kamar duba yarjejeniya guda da rubuta ra'ayi a kanta, kuma za su faɗa maka farashi tun kafin a fara idan ka nema. Ka nema a rubuce. Matsalarsu ita ce nisa da matsayi. Kai da kwantena biyar ɗinka, kana layi ɗaya da bankuna da kamfanonin mai. Babban lauyan da ka gani ranar farko ba lallai ne shi zai yi aikin ba, ƙaramin lauya za a ba. Ba laifi ba ne idan ana duba aikinsa, amma ka tambayi sunan wanda zai riƙe fayil ɗin da wanda zai sa hannu a kai. Kuma da Turanci za a yi komai, ta imel. Wanda ya saba da magana baki da baki zai ji kamar an bar shi a waje.

Ɗorewa tasu ce. Ofishin ba ya mutuwa don mutum ɗaya ya tafi.

Kamfanin lauyoyi na duniya

A nan ake maganar irin su Clifford Chance, White & Case, Baker McKenzie, Dentons da DLA Piper, masu ofisoshi a ƙasashe da yawa da lauyoyi dubbai. Abin da suke sayarwa abu uku ne. Na ɗaya, dokar Ingila da ta New York, waɗanda su ne dokokin da manyan yarjejeniyoyin ciniki da na bashi suka fi zaɓa. Na biyu, isa: ka yi magana da mutum ɗaya, shi ya haɗa maka lauyoyi a ƙasa uku su yi aiki tare. Na uku, raba gardama a wajen kotu, kuma wannan ya cancanci a tsaya a kansa, don a nan ne kuɗin ɗan kasuwa ke dawowa ko ya salwanta.

Idan kotun Katsina ta yanke cewa wani kamfani na Sin ya biya ka, ba dole ba ne kotun Sin ta zartar. Amma idan tun farko kun rubuta a yarjejeniya cewa in an saɓa za a kai gaban masu raba gardama, hukuncinsu yana da ƙafa. Dalili shi ne yarjejeniyar New York ta 1958, wadda ƙasashe sama da 170 suka shiga, suka amince su riƙa zartar da hukuncin masu raba gardama da aka yanke a wata ƙasa. Najeriya ta shiga a 1970, kuma Sin da Turkiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Nijar duk suna ciki. Wuraren da ake kai irin wannan ƙara sun haɗa da ICC a Paris, LCIA a Landan, DIAC a Dubai, CIETAC a Sin, kuma a Legas ma akwai cibiyoyin. Najeriya ta sabunta dokarta a kan haka a 2023. Masu cinikin hatsi da irin mai suna da nasu tsarin a Landan, GAFTA da FOSFA, kuma sau da yawa layi ɗaya ne a ƙarshen takarda zai jefa ka cikin ƙa'idojinsu, masu wa'adin kai ƙara gajere ƙwarai. A yarjejeniyar ɗan'uwan nawa, irin wannan layin yana shafi na ƙarshe, kuma babu wanda ya lura da shi a karatun farko.

Kowa ya ji labarin P&ID. Kwangilar iskar gas ce da gwamnatin Najeriya ta ƙulla da wannan kamfani a 2010, masu raba gardama a Landan suka yanke a 2017 cewa Najeriya ta biya dala biliyan 6.6, kuɗin ruwa ya kai shi wajen biliyan 11. Sai a Oktoban 2023 Babbar Kotun Landan ta karɓi hujjar Najeriya cewa an ba da cin hanci a kan kwangilar kuma da zamba aka samo wancan hukunci, kuma kamfanin lauyoyin Ingila, Mishcon de Reya, shi ya tsaya wa Najeriya. Shari'ar da ke Landan, lauyan Landan take buƙata. Ƙasa guda ma ba ta tsallake wannan ba.

To amma kuɗin. Da awa suke lissafi, da dala ko fam, kuma a mafi girman cikinsu awar babban lauya kan wuce dala 1,000. Kiran waya lissafi ne, karanta saƙonka lissafi ne. Za su nemi ka ajiye wani abu tun kafin su buɗe fayil. Kuɗin shigar da ƙara a ICC kaɗai dala 5,000 ne, kuma ba a mayarwa, ban da ladan masu hukuncin. A Ingila kuma al'adar ita ce wanda ya faɗi shari'a ya biya kaso mai yawa na kuɗin lauyan wanda ya ci. Ga faɗuwar naira: abin da ka yi kasafi a watan Janairu ba shi za ka biya a Disamba ba. Idan abin da ake bin ka ko kake bi bai kai wasu ɗaruruwan dubban daloli ba, ladan lauya zai iya cinye uwar kuɗin.

Kafin su karɓe ka za su bincike ka: fasfo, takardun CAC, masu kamfanin na gaskiya, da inda kuɗinka ya fito. Ɗan kasuwar da rabin cinikinsa a hannu ake yi, ba rasit ba asusu, zai sha wuya a nan. Za su kuma duba ko bankin ko kamfanin da kake rigima da shi abokin hulɗarsu ne. In haka ne, za su ba ka haƙuri. Akwai wani abu kuma da ya kamata ka sani: wasu daga cikinsu suna ɗaya suke amfani da shi a duniya, amma kowane reshe kamfani ne mai cin gashin kansa. Ka duba takardar ɗaukar aiki ka ga da wane reshe ka ƙulla, don shi ne zai amsa idan an yi kuskure. Ta wannan fuskar suna da kariya mai kyau, domin a Ingila dole ne ofishin lauya ya yi inshorar kuskuren aiki, kuma hukumar SRA mai kula da lauyoyin Ingila tana sa ido. A gida, ƙorafi yana bi ta ƙungiyar lauyoyi zuwa kwamitin ladabtarwa na LPDC, wanda zai iya dakatar da lauya ko ya cire sunansa.

Batun suna da lambar yabo

Za ka ga kowane babban ofis ya jera lambobin yabo a shafinsa na intanet. Waɗanda aka fi amincewa da su su ne na masu jera ofisoshin lauyoyi bisa ƙwarewa, wato Chambers, Legal 500 da IFLR1000, domin suna tuntuɓar waɗanda aka yi wa aiki kafin su jera. Chambers tana jerawa daga mataki na 1 zuwa ƙasa. Sai dai jerin na fanni ne da ƙasa. Kamfanin da ke mataki na 1 a harkar man fetur ba lallai ne ya san cinikin riɗi ba. Ka nemi sunan ofishin a ƙarƙashin Najeriya, a fannin da ya shafe ka, sannan ka nemi sunan mutumin da aka ce zai yi maka aiki. Haka muƙamin SAN, wato babban lauyan Najeriya, da aka fara bayarwa a 1975. Girma ne na gaske, amma galibi shaida ce ta gogewa a gaban kotu. Rubuta yarjejeniyar fitar da kaya wata sana'a ce daban. Tambayar da ta fi kowace lamba amfani ita ce: "Barista, irin wannan aikin nawa ka yi a shekaru biyun nan, kuma da wace ƙasa?"

| Ma'auni | Lauyan gida | Legas/Abuja | Na duniya |
|---|---|---|---|
| Tsayawa a kotun Najeriya | Eh | Eh | A'a, sai ta hannun na gida |
| Isa ƙasar waje | Kaɗan | Ta abokan ƙawance | Kai tsaye |
| Ƙwarewa a cinikin ƙetare | Ya danganta da mutum | Mai ƙarfi | Mafi ƙarfi |
| Fili, gado, kwastam na iyaka | Mafi ƙarfi | Matsakaici | Babu |
| Kuɗi | Naira, a dunƙule | Naira ko dala | Dala ko fam, da awa |
| Samun mutum | Nan take, da Hausa | Imel da waya | Imel, da bambancin lokaci |
| Ɗorewa | Rataye da mutum ɗaya | Mai ɗorewa | Mai ɗorewa |
| Babban haɗari | Rashin sabo da fannin | A mayar da kai ƙaramin abokin hulɗa | Lada ya cinye riba |

Wanda teburin bai ɗauka ba

Mu da muke bakin iyaka muna da wani hali na daban. Daga Jibiya zuwa Maraɗi, ko daga Daura ta Kwangwalam zuwa Damagaram, harshe ɗaya ne, dangi ɗaya ne, amma doka ba ɗaya ba ce. Nijar tana cikin tsarin OHADA, dokar kasuwanci ta bai ɗaya da aka kafa a 1993, wadda ƙasashe 17 ke bi, da babbar kotunta a Abijan, kuma da Faransanci ake aiki da ita. Najeriya ba ta ciki. Idan mai bin ka ko wanda kake bi yana Maraɗi, lauyan Nijar kake buƙata, kuma baristan gida da ke da abokin aiki a can ya fi maka ofishin Landan amfani. Mun ga an rufe iyaka a Agustan 2019, an sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Yamai, kaya suka lalace a kan motoci. Duk wanda zai rubuta yarjejeniya da ɗan Nijar yau, ya sa a rubuta wa zai ɗauki asara idan gwamnati ta rufe hanya. Idan layin dogon Kano zuwa Maraɗi, da zai ratsa Daura da Katsina da Jibiya, ya fara aiki, irin waɗannan takardun za su yawaita.

Wa ya dace da wa

Idan harkarka fili ce, ko shago, ko rajistar kamfani, ko bashi tsakaninka da ɗan Najeriya, ko gado, ko mota a hannun Kwastam, tsaya da lauyan gida. Kai wannan Legas ɓarnar kuɗi ce.

Idan yanzu ka fara fitar da kaya ko shigowa da su, kwantena ɗaya zuwa goma, abin da nake ba da shawara shi ne haɗa biyu: baristanka ya ci gaba da riƙe ka, amma a biya wani ofishin Legas ko Abuja ko Kano mai sashen cinikin ƙetare ya duba yarjejeniyar sau ɗaya, a kan farashin da aka yanke. A sa ido a kan abu huɗu: dokar wace ƙasa, ina za a raba gardama, yaya za a biya, kuma a wace tasha za a auna ingancin kaya. Haka ɗan'uwan nawa ya yi. An canza masa wurin gwajin kaya daga tashar saukewa zuwa tashar lodi, aka kuma sa biya ta LC maimakon sai kaya sun isa, kuma takardar da aka gyara ita yake amfani da ita har yanzu.

Idan za ka kafa masana'anta da abokin tarayya na waje, ko ka ci bashin dala daga bankin ƙetare, ko ka sayar da kaso na kamfaninka, babban ofishin Najeriya ne zai ja gaba. In yarjejeniyar da dokar Ingila za a rubuta ta, shi zai kawo lauyan Ingila ya duba wannan ɓangaren kaɗai.

Idan an riga an maka ka a Landan ko Dubai, ko kuɗi mai nauyi ya maƙale a hannun kamfanin da ba shi da ko kujera a Najeriya, to lauyan can ya zama dole, kuma kada ka ɓata kwana, don wa'adi yana tafiya. Ko a nan, ka nemi farashi daga ofis biyu ko uku, har da matsakaitan ofisoshin Landan da suka ƙware a cinikin kayan gona da jiragen ruwa, ka nemi a yanke maka iyakar kuɗi a kowane mataki, kuma ka sa lauyanka na Najeriya ya riƙa duba lissafin awoyin kowane wata kafin ka biya.